Suna linzami ne: yadda raɗin suna ke gyara ko ɓata manhajar lissafi

A ɗauki lilo irin na tsohon agogon bango, ƙarfe mai nauyi a rataye da igiya mai tsawon mita ɗaya. A ja shi gefe har kusurwar digiri 60, sannan a sake shi. Tsawon wane lokaci zai ɗauka ya je ya dawo? Amsar tana cikin littattafan fiziks, kuma tana buƙatar wata ƙima da masana ke rubutawa da harafin K. Ita wannan K ɗin ana miƙa mata lamba guda, wadda littafin zai kira k ƙarama. A wannan lilon k ta kama 0.5 daidai.

Mai rubuta manhaja ya buɗe yaren kwamfuta na Python, ya kira umarnin `ellipk` na SciPy, wata ma'ajiyar umarnin lissafi ta Python, ya miƙa masa 0.5. Ya samu 1.8541, ya ƙarasa lissafi, lilo ya ba shi daƙiƙa 2.37. Kwamfuta ba ta yi ƙorafi ba, lambar kuma ba ta yi kama da shirme ba. Sai dai amsar gaskiya daƙiƙa 2.15 ce. An samu kuskuren kusan kashi 10 cikin ɗari, domin `ellipk` ba k yake jira ba, m yake jira, wato k sau k. Da an miƙa masa 0.25 da ya ba da 1.6858, lissafi ya tafi daidai.

Laifin wa? Marubutan SciPy sun bi tsarin mashahurin kundin Abramowitz da Stegun na 1964, wanda ke aiki da m. Haka wasu manhajojin lissafi, Mathematica da MATLAB da mpmath, suka yi. Maple da GSL da Boost da ƙa'idar C++17 kuwa k suke karɓa, kamar yadda kundin intanet na hukumar NIST ta Amurka, wanda ya gaji na 1964 a shekarar 2010, yake rubutawa. Kowane ɓangare yana da madogara. Abin da ya rage shi ne suna ɗaya ya rufe abu biyu, mai amfani kuma ya ɗauka abin da ya sani a littafinsa shi ne abin da ke cikin kwamfuta. Kama da wane ba ta wane.

Wannan shi ne ya raba manhajar lissafi da sauran manhajoji. Idan aka saɓa suna a manhajar aika saƙo, saƙon ba zai tafi ba, nan take a gane. A lissafi kuwa lamba ce ta shiga, lamba ce za ta fito, kuma babu wata alama a goshin lambar da ba daidai ba. Saboda haka sunan umarni, da jerin abin da ake miƙa masa, da siffar abin da yake maidowa, duk alkawari ne tsakanin marubuci da mai amfani. Tsarin suna mai kyau shi ne wanda mutum zai iya cankar suna ya dace, ya kuma canki aikin sunan ya dace.

Shi kansa lissafin bakinsa ba ɗaya ba ne

Masu shirya manhaja sukan ce a bi abin da masana lissafi suka saba, a huta. Maganar tana da daɗin ji, amma su masanan ba su taɓa haɗuwa a kan rubutu ɗaya ba.

Kalmar `log` ta ishe mu misali. A C da Python da MATLAB da R, `log` na 100 shi ne 4.605, domin logaridim na asali suke nufi, mai tushe e. A gidan lissafi na Excel, `LOG` na 100 shi ne 2, mai tushe goma, na asalin kuma sunansa `LN`. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, a cikin Excel ɗin nan dai, idan aka shiga yaren VBA aka rubuta `Log`, 4.605 za a samu. A rumbunan bayanai ma haka: PostgreSQL tushe goma, MySQL tushe e, alhali rubutun tambayar iri ɗaya ne harafi da harafi. Idan kuma aka ce za a faɗi tushen ƙarara don a tsira, an gudu ba a tsira ba, domin Python lamba yake fara karɓa sannan tushe, Julia da Mathematica kuwa tushe suke fara karɓa. A miƙa 8 da 2 a wannan jeri, Python ya ce 3, Julia ta ce 0.333.

Ragowar rabawa ma tana da nata rikicin, kuma ba ya bayyana sai lamba mai alamar ragi ta shigo. A raba -7 gida 3. Alamar `%` a C tana ba da -1, a Python tana ba da 2. MATLAB ya raba gardama da sunaye biyu, `rem` ya ba da -1, `mod` ya ba da 2. Fortran shi ma yana da biyu, amma `MOD` ɗinsa shi ne mai ba da -1, mai ba da 2 sunansa `MODULO`. Wato wanda ya kwashe tsohon rubutun Fortran zuwa MATLAB, ya ga `MOD` ya rubuta `mod`, ya canza ma'ana ba tare da ya canza harafi ko ɗaya ba. Irin wannan yakan kwanta shekaru bai tashi ba, sai ranar da kusurwa ko lambar gurbi ta faɗa ƙasa da sifili.

Sauran misalan suna da yawa, a taƙaita. `round` na 2.5 yana ba da 3 a C da MATLAB da Excel, yana ba da 2 a Python 3 da NumPy (wata ma'ajiyar lissafi ta Python) da R, domin su suna karkata zuwa lambar cika idan an tsaya a tsakiya. `atan2`, mai lissafa kusurwa, yana karɓar y kafin x a C da Fortran da Python, amma Excel x yake fara karɓa, don haka 1 da 2 su ba da kusurwar digiri 26.6 a can, 63.4 a nan. `randint` na Python, mai zaɓo lamba ta ƙuri'a tsakanin iyaka biyu, yana iya fitar da lambar ƙarshe da aka ba shi, na NumPy ba ya taɓa fitar da ita. A ilimin rukunoni, `DihedralGroup` na 8 a manhajar GAP rukuni ne mai 'ya'ya takwas, a SageMath kuwa mai 'ya'ya 16 ne, duk da cewa SageMath yana jingina da GAP a ƙarƙashin ƙasa.

Inda abin ya fi ciwo shi ne ƙididdiga, domin a can ba a cika sanin amsar da ake jira ba balle a lura ta kauce. Ma'aunin warwatsuwar lambobi 1, 2, 3, 4 shi ne 1.118 a `std` na NumPy, amma 1.291 a `std` na pandas, ma'ajiyar sarrafa bayanai ta Python, alhali pandas a kan NumPy aka gina shi. Na farko yana rabawa da adadin lambobin, na biyu yana cire ɗaya kafin ya raba. Dukansu suna da hurumi a ilimi, kuma a nan Excel ya cancanci yabo: tun fitowar 2010 ya raba sunayen zuwa `STDEV.P` da `STDEV.S`, ya ba mai amfani damar ya zaɓa da idonsa a buɗe. Haka idan aka nemi lambobin ƙuri'a masu bin tsarin lokacin jira, aka miƙa 5 ga `rexp` na R, matsakaicinsu zai kama 0.2, amma `exponential` na NumPy zai ba da matsakaici 5. Tazarar ninki 25 ke nan. Mafi muni, a manhajojin ƙididdiga na BUGS da JAGS ana rubuta `dnorm` da 0 da 0.001 don a ce ba mu san komai ba game da wannan ƙima, ta yiwu ko'ina take, domin lamba ta biyu a wurinsu kishiyar faɗi ce, wato ƙaramar lamba tana nufin faɗi mai yawa. A kwafi lambobin nan zuwa `normal` na takwararsu Stan, inda lamba ta biyu faɗin ce kanta, sai maganar ta juye ta zama mun tabbata ƙimar tana manne da sifili. Manhajar za ta yi aiki, ta fitar da jadawali mai kyan gani, a kai shi cikin rahoto.

Sunaye marasa kyan gani da suka yi shekaru suna aiki

Wanda ya fara ganin `DGEMM` ko `DPOTRF` zai ɗauka kyanwa ce ta taka allon rubutu. Amma a ganina babu tsarin suna da ya kai na BLAS da LAPACK, ma'ajiyoyin umarnin lissafi inda waɗannan sunaye suka fito, cin nasara a wannan fage, kuma ya dace a tsaya a kansa.

Tilas ce ta haife shi. Fortran 77 bai yarda suna ya wuce harafi shida ba. Waɗanda suka tsara BLAS, daga matakin farko a 1979 zuwa na uku a 1990, da LAPACK da ya fito a 1992, sai suka raba haruffan nan shida gida uku, kowane gida da aikinsa. Harafin farko yana faɗin irin lamba: S lamba mai ɗigo ta ƙaramin mazubi, D ta babban mazubi, C da Z kuma takwarorinsu a lambobi masu ɓangare biyu, na zahiri da na ƙiyasi. Haruffa biyu na gaba suna faɗin siffar matiriks, wato jadawalin lambobi mai layuka da ginshiƙai: GE kowane iri, SY wanda samansa da ƙasansa suke madubin juna, TR mai siffar kusurwa uku, GB wanda lambobinsa suka taru a ɗamarar tsakiya, PO na musamman da ake iya fasawa ta hanyar Cholesky. Ragowar haruffan su ne aikin: MM ninka matiriks da matiriks, MV ninka shi da jerin lambobi, SV warware tsarin lissafi, TRF fasa shi gida-gida, TRS warwarewa da abin da aka fasa, EV nemo ƙimominsa na asali.

Da wannan ɗan jadawali a ka, mutum zai karanta `DGESV` ya san babban mazubi ne, matiriks kowane iri, warwarewa. Fiye da haka, zai iya ƙirƙiro sunan da bai taɓa gani ba. Yana son ƙimomin asali na matiriks mai madubi a ƙaramin mazubi? S, SY, EV. Ya rubuta `SSYEV`, kuma yana nan. Umarni sama da dubu ne a LAPACK, babu mai haddace su, babu kuma buƙatar haddar. Shi ya sa kamfanonin da ke ƙera na'urori suke sake rubuta cikin waɗannan umarni don gudu, irin su MKL na Intel, amma ba sa taɓa sunayen. NumPy da R da MATLAB da Julia duk ta wannan ƙofa suke shiga.

Darasin ba a gajarta ba yake. Fortran 90 ya buɗe iyaka zuwa harafi 31, kuma yau babu dalilin matse suna haka. Darasin shi ne kowane yanki na suna ya riƙe ma'ana ɗaya a ko'ina, kuma ya zauna a gurbi ɗaya. R ya yi irin wannan a ƙididdiga da haruffa huɗu, d da p da q da r, waɗanda ake liƙa wa sunan kowane tsarin rarrabuwa. Wanda ya san `dnorm`, `pnorm`, `qnorm`, `rnorm` ya riga ya san `pbinom` da `qgamma` tun kafin ya gan su. GMP, ma'ajiyar lissafin manyan lambobi, tana fara suna da `mpz_` ga cikakkiyar lamba, `mpq_` ga ɓangare bisa ɓangare, kuma kullum mazubin amsa shi ne a gurbin farko.

Fortran ɗin dai ya bar wani gado da ke nuna ɗaya fuskar, wato haɗarin ɗora wa suna ma'anar da ba a gani. A tsohon tsarinsa, duk mazubin da sunansa ya fara da harafi daga I zuwa N cikakkiyar lamba ce kai tsaye. A rubuta `MASS = 2.7`, abin da za a ajiye 2 ne, ɗigo bakwai ya tafi shiru. Wannan ne ya sa tsofaffin rubuce-rubuce suka cika da sunaye irin `XMASS` da `AMASS`, kuma shi ya sa yawancin masu rubuta Fortran a yau suke buɗewa da `IMPLICIT NONE`, umarnin da ke kashe wannan tsari.

Inda suna ya zama jimla

Mathlib, babbar ma'ajiyar lissafi ta yaren Lean wadda aka fara a 2017, tana da ƙa'idojin lissafi tabbatattu sama da dubu ɗari, ɗaruruwan mutane ne kuma suka rubuta su. A nan suna shi ne babbar hanyar nemo abu, don haka suka mayar da shi karatun ƙa'idar kanta. Akwai ƙamus: `mul` ninkawa, `add` tarawa, `le` bai wuce ba, `lt` bai kai ba, `comm` musanya gurbi. Kalmomin suna bin jerin alamomin yadda suka zo. `mul_one` na cewa a sau 1 daidai yake da a, `one_mul` na cewa 1 sau a daidai yake da a. Sakamako yana zuwa farko, sharuɗɗa su biyo bayan kalmar `of` ɗaya bayan ɗaya. `lt_of_le_of_lt` na nufin idan a bai wuce b ba, b kuma bai kai c ba, to a bai kai c ba.

Ribar wannan tsauri ta wuce sauƙin nema. Da yake sunaye suna bin doka, na'ura tana iya sarrafa su. Alamar `to_additive` idan aka ɗora ta a kan ƙa'idar ninkawa, sai ta haifi takwararta ta tarawa, har da sunanta: `mul` ya koma `add`, `one` ya koma `zero`, `one_mul` ya haifi `zero_add`. Da wani ya raɗa wa ƙa'idarsa suna na son rai, injin zai cije a kanta. Wannan ma'auni ne mai kyau ga kowace ma'ajiya: idan ba za a iya rubuta ɗan gajeren shiri da zai duba sunayenta ya kamo masu saɓa doka ba, to dokar tana cikin kan marubutan ne kawai, kuma za ta tafi ranar da suka tafi.

Abin da suna ya kamata ya tona

Akwai tambaya ɗaya da mai kiran umarni yake da hakkin samun amsarta daga suna: abin da na miƙa, zai dawo mini yadda na ba da shi? A lissafin manyan matiriks kwafi yana da tsada, don haka umarni da yawa suna rubuta amsa a kan abin da aka ba su. `DGESV` da muka yaba yana shafe matiriks ɗin da aka miƙa masa da gutsattsarin da ya fasa, ya kuma shafe ɗaya ɓangaren da amsa, sunansa kuma bai faɗi haka ba. Wanda ya sake amfani da matiriks ɗin a layi na gaba yana lissafi ne da wani abu dabam. Julia ta magance wannan da alamar motsin rai a ƙarshen suna: `sort` ya ba ka sabon jeri, `sort!` ya jera naka a inda yake. PyTorch yana amfani da ɗan layin ƙasa, `add` da `add_`. SciPy kuwa ya sa sai ka nema da bakinka ta gurbin `overwrite_a`. Kowace hanya ta wadatar, muddin ba a karya ta ko sau ɗaya ba, domin alamar da ake bi a wurare tara a bari a na goma ta fi rashinta haɗari. Mutane sun riga sun saki jiki.

Siffar amsa ma haka. `svd`, mai fasa matiriks gida uku, a MATLAB yana maido da gidan da ake kira V yadda yake, na NumPy kuwa yana maido da V a kife, layuka sun koma ginshiƙai. `cholesky` na NumPy yana ba da rabin ƙasa, na SciPy yana ba da rabin sama idan ba a ce masa komai ba, kuma sau da yawa dukansu biyun suna cikin fayil ɗaya. A cikin NumPy kaɗai, jerin 1, 2, 3 yana nufin x² + 2x + 3 ga tsohon `polyval`, amma 1 + 2x + 3x² ga sabon sashen `polynomial`.

Sai ma'auni. A watan Satumban 1999 hukumar NASA ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter a bakin duniyar Mars. Bincike ya gano cewa wata manhaja a ƙasa tana fitar da ƙarfin turi a ma'aunin fam, mai karɓa kuma yana ɗauka a ma'aunin niyuton yake, tazarar ninki 4.45. Lamba tsirara ba ta faɗin ma'auninta. Inda yaren bai da hanyar ɗaure lamba da ma'auni, suna ne kaɗai ya rage, kuma ƙarin haruffa uku ko huɗu a wutsiyar sunan mazubi, masu cewa digiri ne ko radiyan, mita ko ƙafa, ba su da tsada. MATLAB da Julia sun yi haka da `sin` da `sind`.

Haruffan da masana lissafi suka fi so ma sukan yi karo da na yaren. A MATLAB, `i` ita ce lambar ƙiyasi, amma ita ce kuma kowa ke ƙirga zagaye da ita. Bayan zagaye daga 1 zuwa 10, `3 + 2*i` zai ba da 23. Shi ya sa ake son a rubuta `2i` a manne. A Python kalmar `lambda` ta yaren ce, ba a raɗa wa mazubi ita, sai kowa ya nemi mafitarsa: NumPy `lam`, sashen `random` `lambd`, SciPy `lmbda` a wani wuri. Harafi ɗaya na Girka, rubutu uku.

Gwajin da ke kama saɓani, da wanda ba ya kamawa

Ga wani abu da ko ƙwararru suke faɗawa ciki. Lambobin da hannu ya fi saurin kaiwa gare su wajen gwaji su ne daidai waɗanda ke ɓoye saɓanin tsari. A gwada K a sifili, k da m duk ɗaya ne. A gwada `atan2` da 1 da 1, ko ta ina aka fara digiri 45 ne. A ba `exponential` lamba 1, ita da kishiyarta ɗaya ne. A saka x daidai da 1 a waccan jimla ta 1, 2, 3, tsoho da sabo duk 6 za su ce, amma a saka 2, ɗaya ya ce 11 ɗaya ya ce 17. Matiriks mai madubi ba zai taɓa nuna an kife shi ba, mai layuka da ginshiƙai daidai wa daida kuma ba zai nuna an musanya su ba.

Don haka gwajin tsari yana da nasa sharuɗɗa. A guji 0 da 1. Kowane gurbi a ba shi lamba dabam da ta maƙwabcinsa. A saka lamba mai alamar ragi. Matiriks ya zama mai layi uku ginshiƙi biyar, kowane gida da lambarsa. Amsar da za a gwada da ita kuma ta fito daga waje, daga jadawalin da aka wallafa ko lissafin hannu, kada a ɗauko ta daga manhajar da ake gwadawa. Duk inda aka haɗa ma'ajiya biyu, ko aka kwashe rubutu daga yare zuwa yare, kowane umarni da ya tsallaka iyakar ya samu irin wannan gwaji guda, ko da sunansa bai canza ba. Musamman ma idan bai canza ba.

A ɓangaren marubucin ma'ajiya, aikin yana farawa kafin umarni na farko, tun ran gini tun ran zane. Ya rubuta ƙamus na shafi ɗaya: wace kalma ke nufin me, wace gajartawa aka yarda da ita, jerin gurabe yaya yake, ƙirga daga 0 ake farawa ko daga 1, iyakar ƙarshe tana ciki ko tana waje. Ya zaɓi kundin lissafi ɗaya ya bi shi, ya kuma rubuta ainihin jimlar lissafin a bayanin kowane umarni, domin cewa wannan yana lissafa K bai faɗi komai ba. Inda aka san duniya ta rabu biyu, ya hana miƙa lamba tsirara, ya tilasta a ambaci sunan gurbin, ko ya raba umarnin gida biyu da sunaye mabambanta. Idan kuma al'adar yaren da ake rubutu a ciki ta saɓa da son ransa, al'adar yaren ce gaba, domin mai amfani da ita ya zo.

Idan an riga an raɗa mummunan suna

Gyara yana da tsada, kuma hanyarsa ɗaya ce mai aminci: kada a taɓa canza ma'anar suna a bar sunan. Tarihin `gamma` a C ya nuna dalili. A wasu tsofaffin tsarin Unix wannan umarni logaridim ɗin ƙimar da masana ke kira gamma yake bayarwa, a wasu kuma ƙimar kanta, wato a miƙa 5 a samu 3.178 a wata na'ura, 24 a wata. Kwamitin C99 bai ce ga mai gaskiya ba. Ya bar sunan da ya gurɓace a waje, ya tsayar da biyu masu tsabta, `lgamma` da `tgamma`.

NumPy ya nuna yadda ake yi a aikace. Sunaye irin `np.float` da `np.int` sun daɗe suna ruɗa mutane, ana ɗauka nau'in NumPy ne alhali na Python ne aka yi wa laƙabi. A fitowa ta 1.20, farkon 2021, aka fara gargaɗi duk lokacin da aka kira su. Sai a 1.24, ƙarshen 2022, aka cire su, kusan shekara biyu ke nan ana jan kunne. A watan Yunin 2024 NumPy 2.0 ya yi babbar shara: `np.NaN` da `np.Inf` suka tafi aka bar `nan` da `inf`, `product` ya tafi aka bar `prod`, `trapz` ya samu magaji `trapezoid`. Aka kuma tanadi doka a manhajar duba rubutu ta Ruff, mai lamba NPY201, wadda ke bin fayiloli tana gyara yawancin tsofaffin sunayen da kanta. Matakan ke nan: sabon suna ya zo tsohon yana nan, gargaɗi ya faɗi sunan magaji ƙarara, a ba da wa'adi, a ba da kayan ƙaura, sannan a cire. Bayan cirewa kuma tsohon sunan ya riƙa tsayar da aiki da saƙo bayyananne, kada a sake ba wa wani aiki shi.

Wani ɓangare na sharar ta 2024 ya zo ne daga yunƙurin haɗa kan ma'ajiyoyin Python da aka fara a 2020. NumPy yana cewa `axis` da `keepdims`, PyTorch yana cewa `dim` da `keepdim`. NumPy yana cewa `arccos` da `concatenate`, ƙa'idar bai-ɗaya ta zaɓi `acos` da `concat`. NumPy 2.0 ya ƙara sababbin bai cire tsofaffin ba, domin rubutun da ya dogara da su ya fi ƙarfin a ƙirga. Sakamakon haka yanzu abu ɗaya yana da suna biyu a ma'ajiya ɗaya, kuma ya rage ga kowace ƙungiyar marubuta ta zaɓi ɗaya, ta rubuta shi a ƙamusinta, ta sa manhajar duba rubutu ta riƙa mayar da duk wanda ya zo da ɗayan.